Ahmed Musa: Daga Kano Pillars zuwa Firimiyar Ingila da komowa gida

Ahmed Musa ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya mai buga gaba, wanda aka haifa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Shi ne ɗan Najeriyar da ya fi kowa zura ƙwallaye a Gasar Cin Kofin Duniya, kuma yana cikin 'yan wasa ƙalilan da suka taso daga Kano Pillars har suka taka leda a gasar Firimiya ta Ingila. A garuruwan karkara na arewacin Jihar Kano, irin su Bichi da Ɗambatta da Minjibir, inda samari ke cika gidajen kallon ƙwallo duk ƙarshen mako don ganin wasannin Ingila, sunansa ne ake fara ambata idan ana zancen ɗan gida da ya kai can.

Tasowarsa

Musa ya fara ƙwallo a makarantar horar da matasa ta GBS da ke Jos, ya buga wa ƙungiyar JUTH, sannan aka ba da aronsa ga Kano Pillars. A kakar 2009/2010 ya ci wa Sai Masu Gida ƙwallaye 18, abin da ya shafe tarihin ƙwallaye 17 da Ishaya Jatau ya kafa a gasar Najeriya tun 1990. A kakar ce Pillars ta ƙare a matsayi na biyu.

Wannan bajinta ta jawo hankalin ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Sai dai dokar FIFA ta hana sauya sheƙar yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, don haka sai da ya jira watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga mata wasa. A Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow ta Rasha, inda tauraronsa ya haska sosai. Ya lashe gasar Rasha sau uku tare da ita, a 2013 da 2014 da 2016, da kuma Kofin Rasha na 2013.

Zamansa a Ingila

A watan Yulin 2016 Leicester City ta saye shi kan kusan fam miliyan 16, kuɗi mafi yawa da ta taɓa biya kan ɗan wasa a lokacin. Watanni biyu kafin nan ƙungiyar ta ba duniya mamaki da lashe Firimiya a ƙarƙashin koci Claudio Ranieri. Musa ya fara da ƙafar dama, domin ya zura wa Barcelona ƙwallaye biyu a wasan sada zumunta na share fagen kaka.

Da aka shiga gasa sosai, al'amura ba su tafi yadda aka yi fata ba. Ya buga wasannin Firimiya 21, ya ci ƙwallaye biyu kacal, a ragar Crystal Palace da ta Tottenham, duka a Oktoban 2016. A Janairun 2017 ya ci Everton ƙwallaye biyu a Kofin FA, waɗanda suka kai Leicester zagaye na gaba.

Dalilan wannan koma baya a bayyane suke. Babban makamin Musa shi ne gudu, amma Leicester tana da Jamie Vardy, wanda shi ma da gudu ya yi suna, kuma a kansa aka gina salon ƙungiyar. A gefuna akwai Riyad Mahrez da Marc Albrighton, sannan aka ƙaro Islam Slimani a gaba. Ita kanta ƙungiyar ta shiga rudani, har aka sallami Ranieri a Fabrairun 2017. Daga nan Musa ya zama ɗan benci, kuma a Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA Moscow a matsayin aro.

A rigar Super Eagles

Musa ya fara buga wa babbar tawagar Najeriya a 2010. Yana cikin waɗanda suka ci Kofin Nahiyar Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu ƙarƙashin Stephen Keshi, ya kuma ci ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe da aka doke Mali 4-1. A Kofin Duniya na 2014 a Birazil ya zura wa Ajantina ƙwallaye biyu a wasan da aka ci Najeriya 3-2, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya na gasar.

Ranar 22 ga Yuni, 2018, a birnin Volgograd na Rasha, ya sake cin biyu a ragar Aislan, Najeriya ta yi nasara 2-0. Wannan ya faru ne watanni biyar bayan ya rasa gurbi a Leicester. Daga baya ya zama kyaftin, ya kuma buga wa ƙasarsa wasanni fiye da 100.

Komowa gida

A Agustan 2018 ya koma Al-Nassr ta Saudiyya, ya lashe gasar ƙasar a 2019. A Afrilun 2021 ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci, sannan ya tafi Turkiyya ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor. A 2024 ya sake komowa Pillars, kuma a 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi Babban Manajan ƙungiyar. Ya kuma zuba jari a birnin, ciki har da cibiyar wasanni da motsa jiki da ya buɗe a Hotoro a 2017.

Matsayinsa

A karkarar Kano gonaki sun haɗe da juna, fili ya yi ƙaranci, yara da dama ba sa samun wurin buga ƙwallo sai a harabar makaranta, ko a gona bayan an girbe gero da dawa. Burin mafi yawansu Ingila ne, domin ita suke gani a allo. Tarihin Musa ya nuna cewa tsaninsa ya fara ne daga gasar cikin gida, inda ƙwallaye 18 suka buɗe masa ƙofar Turai. Ya kuma nuna cewa Ingila, wadda aka fi kallo, ita ce inda ya fi shan wuya. Kofunansa ya same su ne a Rasha da Saudiyya da kuma rigar Najeriya.