Bindigar Fim da Bindigar da Kakanni Suka Sani a Kudancin Ƙasar Kano

Yaron da ke kallon fim ɗin yaƙi a waya yau a Basirka ko Gwaram ya san bindiga iri guda ce: wadda jarumi ke riƙewa da hannu ɗaya, yana ta ɓarin wuta, harsashi ba ya ƙarewa, abokan gaba suna zubewa. Haka Rambo ya yi, haka Commando na 1985 ya yi, haka finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suke yi har gobe. Ƙasar da yaron ke zaune a kanta kuwa ta sha yaƙi na gaske shekara da shekaru, kuma bindigar da ta gani ba ta yi kama da wannan ba ko kaɗan.

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ce, kuma su ne bakin iyaka ta kudu maso gabas. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa saboda rikicin haraji, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse. Daga nan Ningawa suka zame wa Kano da Bauchi da Zazzau ƙarfen ƙafa har zuwan Turawa. Su sauko daga dutse, su kai hari, su kwashe mutane da dabbobi, su koma inda doki ba ya iya bin su. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya ɓatar da shekaru masu yawa na sarautarsa yana fama da su, yana ƙarfafa garuruwan ribaɗi a kudu. Manomin wannan yanki a lokacin yana noma ne kunnensa na sauraron kuwwa.

To da me aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe? Da doki da lifidi da sulke, da mashi da takobi da garkuwa, sai kuma baka da kibiya mai dafi, wadda ita ce makamin talaka kuma ita aka fi tsoro. Ganuwa da sarƙaƙiyar ƙaya su ne kariyar gari. Bindiga tana nan, amma ba ita ke yanke hukunci ba.

Ba don baƙuwa ce ba. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa. Tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), wanda ya yaƙi Dutse, sannan Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Matsalar tana jikin bindigar ce. Adaka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, a sa gutsattsarin ƙarfe, a sake dannawa, sannan a yi fatan ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin mai ita ya gama wannan hidima, maharbi da baka ya saki kibau da yawa. Da damina albarushi ya jiƙe ya ƙi tashi. In an cika ɗuri kuma ta fashe a hannun mai ita. Shi ya sa ake ce mata harbi-ruga. Babban amfaninta a fagen fama shi ne ƙara da hayaƙi, masu firgita dokin da bai saba ba. Ga tsada, ga wahalar samu, domin sai ta ratso Sahara daga Tarabulus ko ta hauro daga bakin teku ta ƙasar Nufe. Sarakuna kuma ba su sake ta ga kowa ba. Bayin sarki suka fi riƙe ta, don mai mulki ya san haɗarin barin irin wannan makami a hannun hakimin da zai iya yi masa tawaye.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne lissafi ya fara sauyawa. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana ƙera masa igwa a Zindar. Rabe ya ci Barno a 1893 da rundunar da aka horar a kan bindiga. A shekarar nan ce Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, inda Yusufawan suka yi sansani a Takai, maƙwabciyar Birnin Kudu. Wanda ya yi nasara, Sarki Alu, ana masa laƙabi da Mai Sango, wato mai mashin da ake harbawa daga bindiga. Amma a daidai lokacin da sarakuna suka gane darajar bindigar zamani, Turawa sun riga sun toshe hanya: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka irin waɗannan makamai.

Sakamakon ya bayyana a 1903. Ranar 3 ga Fabrairu rundunar Kanar Morland ta shiga Kano da igwa da bindigar Maxim, mai aman harsashi wajen 600 a minti ɗaya, alhali Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. A Kwatarkwashi sojojin da ba su kai hamsin ba suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka karya sukuwar barade, Waziri Ahmadu ya rasu a wurin. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, sannan ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Abin da ke da ciwo, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne yawancin masu danna kunamar bindigogin nan ba Turawa ba ne; sojojin haya ne, da yawansu Hausawa. Kuma bindiga ba ta hana jarumta tasiri ba: a Satiru a 1906, talakawa da fartanya da gatari suka tarwatsa rundunar Turawa har suka ƙwace Maxim, kafin a dawo a shafe garin.

'Ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi su ne daga baya suka saɓa Lee-Enfield mai cin harsashi 10 suka tafi Boma a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya kawo wasu sababbi. Yau kuma AK-47 ce a bakin kowa. Gidan harsashinta 30 yake ci, kuma in aka danne kunama bai fi daƙiƙa uku ya ƙare ba. Sojan gaske yana ƙirga harsashinsa, yana goge bindigarsa, yana ɗaukar nauyinta a rana da ƙura. Fim ba ya nuna wannan, kamar yadda ba ya nuna wanda aka harba yana jinya wata da watanni, ko marayun da ya bari.

Akwai fim ɗin da ya kamanta gaskiya. Sarraounia, wanda Med Hondo ya shirya a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ba da labarin sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa a Nijar, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. A ciki ana ganin kibiya a gaban bindiga, ana ganin sojan baƙar fata da aka sa ya ƙone garuruwan 'yan uwansa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Masana'antar Kannywood, wadda ta fara da Turmin Danya a 1990, tana da irin wannan labari a ƙofar gidanta. Duwatsun Birnin Kudu suna nan, maƙera da mafarautan da suka san ɗurin adaka suna nan, 'yan bindigar hawan Sallah har yanzu suna tayar da hayaƙin albarushi a gaban sarki, dattawan Gwaram da Basirka kuma ba su rasa abin da suka ji daga kakanninsu game da harin Ningawa ba. Masu shirya fim su je su zauna da waɗannan mutane tun suna raye, su tambayi yadda aka riƙe makami da yadda aka kwana cikin tsoro, sannan su ɗauki kyamara.