Asalin Kalma: Hafsa

Hafsan soja ba ruwansa da Hafsatu, sunan da muka samo daga Larabci. Kalmar Turanci ce, "ofisa", bakin sojojin zamanin Turawa ya tauna ta ta koma hafsa, yadda aka samu kofur da samanja.

Sau biyu ke nan muka are ta. A unguwar Ajilari da ke Maiduguri, ko kurtu ne mai Keke Napep zai ce masa, "Ofisa, sannu da aiki." Hafsa kuwa ta manya ce, irin su Birgediya Zakariya Maimalari da aka sa wa barikin Maiduguri sunansa. Manyan ma ba sa rasa rigimar muƙami: a 1966 Ojukwu ya ƙi bin Laftanar-Kanar Gowon, wai ai Birgediya Ogundipe ne gaba da Gowon.