Hannu a Kan Totur: Tarihin Tuƙin Jirgi a Kwamfuta

Mu masu tuƙa jirgin sama a kwamfuta, kakanmu a wannan harka shi ne Edwin Link. A 1929, a garin Binghamton na Amurka, ya haɗa wani akwatin koyon tuƙi da zugazugan da ake amfani da su a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. Sojojin saman Amurka suka sayi guda 6 a 1934, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa fiye da 500,000 sun yi horo a cikinsa.

Abin ya shigo ɗakunanmu ne ta hannun Bruce Artwick, wanda manhajarsa ta zama Microsoft Flight Simulator a 1982. Yawancinmu da allon madannai muka fara. A sigogin da suka biyo baya, F3 ke ƙara totur, F2 ta rage, F4 ta buɗe shi gaba ɗaya, F1 ta mayar da inji salo. Sabon shiga yakan ɗauka jirgi mota ne: a ba shi wuta ya yi gudu, a rage ya lafa. Sai ya zo sauka, jirgi ya yi ta tsalle kan titi.

A nan ne kowa ke karɓar darasin da tsofaffin matuƙa suka gada: yayin sauka, hancin jirgi ke riƙe gudu, totur kuma ke yanke yawan gangarowa. Ƙaramin Cessna 172 yana son gudun kusan kilomita 120 a sa'a idan ya doshi titi. Ka ga kana ƙasa da layin gangarowa, ƙara wuta kaɗan. Ka ja hanci sama kawai, gudu ya zube, fuka-fukai su daina ɗauka.

Da X-Plane na Austin Meyer ya fito a 1995, yana lissafa ƙarfin iska a kan kowane yanki na fiffike da farfela, sai wasa ya koma karatu. Muka sayi sandunan totur na gaske: baƙi na ƙarfin inji, shuɗi na farfela, ja na gaurayen mai da iska. Manyan jirage suka koya mana haƙuri, domin injin jet yana ɗaukar daƙiƙu kafin ya amsa. Wanda ya jira sai gudu ya faɗi sannan ya tura, ya makara. Muka kuma gane cewa a Boeing sandar tana motsi da kanta idan na'ura ke riƙe da gudu, a Airbus A320 kuwa tana zaune a gurbinta, sai dai ka karanta allo.

Fitowar Microsoft Flight Simulator ta 2020, wadda kamfanin Asobo na Faransa ya gina, ta kawo duniya da gajimarenta. Kyan hoto yana jawo yara, kuma ina murna da hakan. Shawarata gare su ita ce su fara da ƙaramin jirgi, su kashe na'urar riƙe gudu, su yi ta sauka da hannunsu har ya iya auna wuta tun kafin allurar gudu ta motsa.