Daga Gayya zuwa Ƙungiya: Tarihin Aikin Sa Kai a Ƙonni, Malbaza da Illela

Tun kafin zuwan Nasara, mutanen ƙasar Ƙonni da na Adar suna da hanyar da suke bi su gudanar da aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Wannan hanya ita ce gayya. Idan damina ta kankama, haki ya rufe gonar dattijo ko ta matar da mijinta ya rasu, sai a sanar da Sarkin Noma da Sarkin Samari, a tsai da rana, makaɗa su fito, samari su ɗauki hauya su gama aikin kafin azahar. Ladansu fura ce da tuwo da addu'a. Da gayya ake yashe rijiya, da ita ake yaɓen masallaci da share maƙabarta. Sarki ba shi ne ke riƙe hauya ba, amma daga ƙofarsa shela ke fita, kuma gabansa ake kai wanda ya saba guje wa aikin jama'a.

A shekarar 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone gari, ta hallaka jama'a masu yawa. Waɗanda suka tsira su ne suka sake ta da gidaje da rumbuna da hannunsu. Sai dai mulkin mallaka ya zo da nasa irin aikin taro, wato aikin tilas na gyaran hanyoyi da ɗaukar kaya, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. A nan ne talaka ya koyi bambanci tsakanin aikin da ya fito domin ɗan uwansa da wanda ya fito domin tsoron bulala, kuma wannan darasi bai taɓa gushewa daga zukatan mutane ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar UNCC a 1962 domin haɗa manoma cikin ƙungiyoyin gama kai, su sami bashi da iri, su sayar da amfanin gona tare. Amma zamanin da ya fi barin alama shi ne na Seini Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na fama da fari da yunwa. Ya ɗauko tsohuwar al'adar samari ya mai da ita ƙungiyar ƙasa, wato Samariya, tun daga unguwa har Yamai. Samariya ta gina ajujuwan makaranta, ta share kasuwanni, ta dasa itatuwa a ranar 3 ga Agusta, ta kuma raya wasannin gargajiya. Mata su ma suka sami tasu ƙungiyar ta ƙasa a 1975. Dattawa da yawa na Ƙonni da Illela a nan suka fara koyon shugabanci. Duk da haka, da yake umarni daga sama yake saukowa, bayan rasuwar Kunce a 1987 da babban taron ƙasa na 1991, Samariya ta yi sanyi, gidajenta da dama suka zama wuraren biki da taro kawai.

A wannan zamanin ne kuma aka gina babbar fadamar noman rani ta Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, wadda ke shan ruwan kwarin Majiya ta madatsun Mozage da Zango. An kafa hukumar ONAHA a 1978 domin kula da irin waɗannan ayyuka, sannan taron Damagaram na 1982 ya yanke shawarar miƙa tafiyar da su ga ƙungiyoyin manoma. Daga nan rabon ruwa, yashe magudanai da karɓar kuɗin ruwa suka koma hannun manoman da kansu. A shekarun da aka riƙe amana, ruwa ya isa gonar ƙarshe. A shekarun da aka yi sakaci, yashi ya cike magudanai, na ƙarshen layi suka yi asara, har aka buƙaci gyara mai tsada da tallafin Amurka a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016. A gundumar Malbaza, wadda aka ƙirƙiro a 2011, masu noman albasar Galmi sun ga amfanin haɗa kai wajen ajiya da neman kasuwa, kamar yadda asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Najeriya. A ƙasar Illela kuwa, maza da mata sun fito sun jera duwatsu, sun haƙa ramukan rabin wata a tuddan da ke kewaye da kwarin Badagishiri domin tare ruwa da farfaɗo da ƙasar da ta mutu.

Wata dabara da ta yi tasiri ƙwarai ita ce ta Mata Masu Dubara, wadda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ta kuma bazu zuwa jihar Tawa. Tushenta adashe ne da kowa ya sani. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka amince, a ba mai buƙata rance, a ƙarshen zango a raba kuɗi da riba. Ba a kawo musu jari daga waje ba, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka ci gaba bayan masu koyarwa sun tafi. Daga Nijar wannan tsari ya yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Haka nan rumbunan tsimi na ƙauyuka sun rage wa iyalai raɗaɗin ƙarancin abinci na 2005 a wuraren da masu riƙe da makulli suka tsare gaskiya. Ba za a manta ba da ƴan agaji na masallatai, masu tsara sahu ranar idi da hidimar jana'iza, da ƙungiyoyin iyayen yara, da ƴan asalin gari mazauna Yamai da Sakkwato da Legas masu aiko da gudummawa.

Abin da wannan tarihi ke nunawa a fili yake. Duk ƙungiyar da jama'a suka ɗauka tasu ce, suka zuba guminsu da kuɗinsu a ciki, ta daɗe. Wadda aka kafa domin umarni ko domin jiran tallafi kuwa, ta watse da zarar mai umarnin ko mai tallafin ya kau. Aikin sarauta a nan bai sauya ba tun zamanin gayya: ta yi kira, ta sasanta rigima, ta tabbata an faɗi abin da ya shiga asusu da abin da ya fita a gaban jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya jiƙan magabatan da suka yi wa ƙasar nan hidima ba da lada ba, ya kuma ba na baya ikon riƙe abin da suka bari.