Zaɓen Ƙananan Hukumomi a Ƙasar Zuru

Ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da mu. Akwai guda 774 a Najeriya, 21 daga cikinsu a Jihar Kebbi. Huɗu suna cikin masarautar Zuru: ita Zuru kanta, da Fakai mai hedikwata a Mahuta, da Danko/Wasagu a Ribah, da Sakaba a Dirin Daji. Tsarin ya samo asali ne daga garambawul na 1976, kuma sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su.

A wannan zaɓe mutum biyu muke zaɓa: shugaban ƙaramar hukuma, wato ciyaman, da kansilan mazaɓarmu, ko a Rikoto muke, ko Senchi, ko Tadurga. Kansiloli ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su kuma yi ƙananan dokoki. Kasuwa, tashar mota, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da ta aure, duk aikin ƙaramar hukuma ne, tana kuma da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci.

Mu lura, ba INEC ce ke shirya shi ba. Hukumar zaɓe ta jiha ce, KESIEC, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ko da yake da rajistar INEC ake amfani. A zaɓen 31 ga Agusta, 2024, jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyamomi 21 da na kansiloli 225 duka. Haka abin yake a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ce ke mulki, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba sa fita. Ba za mu ce ba su da hujja ba.

Amma akwai abin da wannan ke nuna mana. Tun da dokarmu ba ta yarda da ɗan takara marar jam'iyya ba, ainihin zaɓen yakan ƙare ne tun wurin tsayar da ɗan takara a mazaɓa. A nan ne dattawa, da ƙungiyoyin mata, da matasa za su iya ƙin wanda ba ya kwana a garin, su tsaya bayan wanda suka san gidansa da gonarsa. Wanda ya jira ranar ƙuri'a ya makara.

Maganar kuɗi kuwa, a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya. Duk da haka, ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata-wata, kuma kowane ɗan mazaɓa yana da 'yancin ya nemi kansilansa ya zo taron unguwa ya faɗi nawa ya shigo da inda aka kashe shi.