Layin Dogo na Dartmoor

Layin Dartmoor reshe ne na layin dogo a gundumar Devon, kudu maso yammacin Ingila. Ya haɗa birnin Exeter da Okehampton, wani ƙaramin gari na manoma da makiyaya da ke gindin tsaunukan Dartmoor ta arewa. Tafiyar ta kai mil 25, kuma jirgi kan cinye ta cikin minti 40 ko kusa da haka. An daina jigilar fasinja ta yau da kullum a kansa a watan Yunin 1972, aka dawo da ita ranar 20 ga Nuwamba 2021, bayan shekara 49. Shi ne layi na farko da aka sake buɗewa a ƙarƙashin shirin gwamnatin Birtaniya na farfaɗo da layukan da aka rufe. Abin da ya bambanta shi da ɗaruruwan 'yan'uwansa da suka mutu murus shi ne, a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ciccire ƙarfen dogonsa ba.

Asalinsa

Jirgin ƙasa ya fara isa Okehampton a watan Oktoban 1871. Kamfanin da ke tafiyar da jiragen, London and South Western Railway, wanda aka fi sani da LSWR, ba don Okehampton ya zo ba. Idonsa na kan Plymouth, babbar tashar jiragen ruwa, inda layin da ke bin bakin teku, wanda daga baya ya koma hannun abokin hamayyarsa Great Western, ya riga shi isa. Tun da an tare masa gaba, sai ya zagaya ta bayan tsauni. A 1874 layin ya kai Lydford, bayan ya haye kwarin kogin West Okement ta kan gadar Meldon, wata doguwar gadar ƙarfe mai siraran ƙafafu da ta yi sama kimanin ƙafa 150. A 1876 jiragen LSWR suka shiga Plymouth a kan dogon aro, sai a 1890 kamfanin ya samu tasa hanyar ta Tavistock. Wasu rassan suka tsiro daga yammacin Okehampton, ɗaya ya kai Bude a 1898, ɗaya ya kai Padstow a 1899.

Wannan tarihin ne ya sa tashar Okehampton take inda take. Da yake layin hawa yake yi don ya tsallake kafaɗar tsauni, ba a saukar da shi cikin gari ba, aka gina tashar a can kan tudu. Har yau wanda ya taho a ƙasa daga kasuwa, da jaka a hannu, sai ya yi haki kafin ya kai ga dandamali.

Daga 1923 layin ya koma ƙarƙashin Southern Railway. Zamanin ganiyarsa ke nan. Jirgin da ake kira Atlantic Coast Express, wanda ya fara aiki da wannan suna a 1926, yakan taso daga tashar Waterloo a Landan da taragu masu zuwa garuruwa daban-daban, ana kwance su a hanya, kowanne ya kama gabansa. Lokacin bazarar Turai masu zuwa hutu bakin teku kan cika shi maƙil. Akwai kuma sansanin soja a saman garin, inda ake atisaye a dajin Dartmoor, kuma sojojin ma a jirgi suke zuwa.

Yadda aka rufe shi

Gwamnati ta karɓe dukkan layukan dogo na ƙasar a 1948. Kafin shekarun 1960 mota ta wadata, manyan motoci sun kwashe kaya, hukumar jiragen ƙasa kuma tana ta tafka asara. A watan Maris na 1963 shugabanta, Richard Beeching, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layin da ya kai mil 5,000. A farkon wannan shekarar kuma aka miƙa tsofaffin layukan Southern na yammacin ƙasar ga sashen Yamma, wato magajin Great Western. Masu kishin layin sun daɗe suna cewa an ba kura ajiyar nama. Ko da gaskiya a zancensu ko babu, hukuma mai hanyoyi biyu zuwa Plymouth, ga aljihu ya yi ƙasa, ba wuya a san wadda za ta yar.

Daga nan sai aka bi shi gaɓa-gaɓa. Atlantic Coast Express ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a Satumban 1964. Rassan Bude da arewacin Cornwall suka tafi a Oktoban 1966. A watan Mayun 1968 aka rufe tsakanin Okehampton da Bere Alston, hanyar Plymouth ta yanke. Babbar hanya ta jiya ta wayi gari reshe mai ƙarewa a kan tudu, ƙaramin jirgin dizal yana kai da kawowa zuwa Exeter. Shi ma shekara huɗu ya ƙara. Tashoshin ƙauye na Bow da North Tawton da Sampford Courtenay suka rufe tare da shi.

Dutsen Meldon

Mil biyu gaba da Okehampton, dab da gadar, akwai wurin fasa dutse da LSWR ya faɗaɗa a 1897. Dutsen wurin yana da tauri ƙwarai, irin wanda ake farfasawa a yi tsakuwar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin dogo don ta riƙe shi, ruwa kuma ya tsane. Layukan kudancin Ingila da yawa a kan tsakuwar Meldon suke kwance. To, tsakuwar jirgi ba ta da hanyar fita da ta fi jirgi. Saboda haka da fasinja suka tafi, taragun dutse suka ci gaba da gangarowa, kuma dole a riƙa duba gadoji, a yashe magudanan ruwa, a sare itatuwan da ke neman rufe hanya. Ba wanda ya yi haka don yana hangen ranar da fasinja za su dawo. Neman tsakuwa ne kawai.

A shekarun 1990, lokacin da gwamnati ke sayar da kadarorin jirgin ƙasa, aka haɗa wurin fasa dutsen da layin da ke zuwa gare shi, daga mararrabar Coleford, aka sayar wa kamfani mai zaman kansa. Daga baya suka zama mallakar Aggregate Industries. Daga 1997 aka gyara tashar Okehampton, majalisar gundumar Devon kuma ta riƙa ɗaukar nauyin jirgin fasinja daga Exeter ranakun Lahadi na bazara. 'Yan sa-kai masu son tsofaffin jirage suka riƙa tafiyar da nasu na yawon buɗe ido, suka shafe tashar da koren fenti irin na Southern, suka maido da tsofaffin alluna. Waɗannan jiragen Lahadi ba su kai kowa wurin aiki ko makaranta ba, amma sun hana mutane mantawa cewa hanyar tana nan, sun kuma ba ƙungiyoyin gari irin su OkeRail abin nunawa idan sun je gaban 'yan majalisa.

Wurin fasa dutsen ya dakatar da aiki a 2011. Kamfanin da ke kula da jiragen yawon buɗe idon ya durƙushe a farkon 2020. Da abin ya ƙara shekara goma a haka, da wuya a ce daji bai cinye layin ba.

Teku ta tuna wa gwamnati

A farkon Fabrairun 2014 wata guguwa ta fasa katangar bakin teku a Dawlish, ta kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin babban layin Exeter zuwa Plymouth. Hotunan da suka bazu sun nuna ƙarafan dogo suna reto a iska kamar igiyar shanya, igiyar ruwa tana dukan ƙasansu. Wata biyu cur Plymouth da Cornwall ba su ga jirgi daga sauran ƙasar ba, sai 4 ga Afrilu. Nan take aka tuno da hanyar bayan tsauni da aka rufe a 1968. Da aka yi lissafi, sake gina ta gaba ɗaya zai ci ɗaruruwan miliyoyin fam, gwamnati ta zaɓi ƙarfafa katangar Dawlish. Amma sunan Okehampton ya riga ya shiga bakin masu mulki.

A Janairun 2020 aka ware fam miliyan 500 don shirin farfaɗo da layuka, wanda aka sa wa suna Restoring Your Railway. Garuruwa da dama suka miƙa buƙata. Yawancinsu sai an sayi filaye, an sake gadoji, an kauce wa gidajen da aka gina a kan tsohuwar hanya. Okehampton kuwa dogonta na kwance. A watan Maris na 2021 aka ba ta fam miliyan 40.5, hukumar Network Rail ta sayi layin daga Aggregate Industries.

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Daga cikin mil 14 na reshen, an sabunta mil 11, da matasan kankare 24,000 da ake ɗora dogo a kansu, da tsakuwa tan 29,000, kuma shimfiɗa sabon dogon cikin kwana 20 aka gama shi. Aka kafa turakun sadarwa don direba ya iya magana da mai ba da hannu, aka gyara mashigai da shingaye. Wata takwas bayan sanarwar kuɗin, jirgin kamfanin GWR ya ɗauki fasinja. Sunan kamfanin, Great Western Railway, sunan tsohon abokin gabar layin ne.

Bayan buɗewa

An fara da jirgi ɗaya duk awa biyu, sannan daga Mayun 2022, bayan ƙarin gyaran magudanai da ƙasar hanya, ya koma duk awa, kwana bakwai a mako. A shekarar farko an yi tafiya sama da 250,000, abin da ya zarce hasashen masu tsara aikin nesa ba kusa ba. Ɗalibai masu karatu a Exeter da ma'aikata su ne na safe, masu hawan tsauni da kekuna su ne na ƙarshen mako.

Ba kowa ya amfana ba. Daga garin Crediton zuwa mararrabar Coleford dogo biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, mai kallo zai ɗauka hanya ɗaya ce mai zuwa da dawowa, alhali ɗaya na Barnstaple ne, ɗaya na Okehampton. Mutanen Yeoford, da ke tsakani, suna tsaye a dandamalinsu jirgin Okehampton zai wuce ta gabansu bai tsaya ba. Bow da North Tawton ma ba a sake buɗe su ba. A Okehampton kuwa, a Janairun 2023 aka amince da fam miliyan 13.4 don gina tasha ta biyu a gabashin gari, kusa da babbar hanyar mota ta A30, da filin ajiye motoci.

A Yulin 2024 sabuwar ministar kuɗi, Rachel Reeves, ta soke shirin Restoring Your Railway, ta ce babu kuɗin ayyukan da ba a fara ba. Yamma da Meldon kuwa, ɓangaren da ke zuwa Plymouth, an daɗe da cire dogo, an yi gine-gine a kan wani ɓangare na hanyar a Tavistock. Daga Okehampton zuwa Lydford tsohuwar hanyar ta zama ta masu keke da masu tafiyar ƙasa, ana ce mata Granite Way, kuma ta kan gadar Meldon take bi.