Aikin lauya a jihar Diffa: nisa, dokar ta-ɓaci da shari'ar talaka

Lauya shi ne wanda doka ta bai wa izinin kare mutum a gaban kotu da ba shi shawara kan haƙƙinsa. A Nijar ƙungiyar lauyoyi guda ce, cibiyarta tana Yamai, kuma a can ne mafi yawan lauyoyin ƙasar suke da ofis. Kafin mutum ya zama cikakken lauya, sai ya yi karatun shari'a a jami'a, ya ci jarrabawar CAPA, sannan ya yi shekara 3 yana koyon aiki ƙarƙashin babban lauya.

Kotuna da nisa

Diffa tana da babbar kotu, Maine Soroa da N'Guigmi kuma suna da ƙananan kotuna. Ɗaukaka ƙara a Damagaram ake yin ta. Tsakanin Yamai da Diffa akwai fiye da kilomita 1,300, saboda haka wanda ya ɗauki lauya daga babban birni sai ya biya kuɗin mota da masauki bayan ladan aiki. In aka ɗage zama, lauyan ya yi asarar kwanaki, mai ƙara ya yi asarar kuɗi.

Tun daga 2015

A watan Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. An kama mutane da dama, aka kai su gidajen kaso na Kollo da Koutoukalé, domin sashen da ke shari'ar ta'addanci yana Yamai. Wannan ya raba lauya da shaidunsa: wanda ake tuhuma yana yamma, masu ba da shaida suna ƙauyukan bakin Komadugu da wasunsu suka watse. Ga kuma kallon da wasu ke yi wa lauyan, kamar kare wanda ake zargi goyon bayan laifi ne. A 2018 aka fara zaman irin wannan shari'a a Diffa.

Harshe da al'ada

Da Faransanci ake shari'a, alhali jama'a Barbarci, Hausa, Fulatanci, Tubanci ko Larabci suke ji. Kuskuren tafinta guda yana iya juya magana. Rikicin gonakin tattasai, gado da aure kuwa galibi wurin sarakunan gargajiya ake fara sasanta su, in sun kai kotu alƙali ya zauna da masana al'ada.

Abin da doka ta tanada

Dokar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wanda ba shi da hali yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011. Inda babu lauya, kotu takan naɗa mai kariya daga cikin jama'a, sai dai horonsa bai kai na lauya ba.